Balaraba Ramat Yakubu da Labaran da Ke Bayan Kai Amarya

A shekarar 1987 wani ɗan littafi mai suna Budurwar Zuciya ya shigo hannun masu karatu a Kano. Wadda ta rubuta shi ba ta kai shekara talatin ba, ba ta taɓa zama a ajin sakandare da 'yan'uwanta 'yan mata ba, kuma ta riga ta san ɗacin aure da na saki tun tana ƙarama. Sunanta Balaraba Ramat Yakubu. A shekarun da suka biyo baya an sa ta cikin jerin marubutan soyayya, har ana kiranta ɗaya daga cikin iyayen wannan fage, kuma ba ƙarya aka yi ba, domin a cikinsu ta tashi, kasuwa ɗaya suka ci, masu karatu ɗaya suka yi tarayya a kai. Sai dai duk wanda ya zauna ya karanta littattafanta da natsuwa zai ga cewa inda yawancin labaran soyayya suke tsayawa, wato ranar da aka kai amarya, nan ne ita take ɗaukar alƙalami.

An haife ta a Kano a ƙarshen shekarun 1950. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda ya karɓi mulkin Nijeriya a watan Yulin 1975 aka kuma kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976. Sunan Ramat da su biyun suke ɗauke da shi na mahaifiyarsu ne. Mutum zai zaci yarinyar da ta fito daga irin wannan gida hanyar boko a buɗe take a gabanta. Ba haka abin ya kasance ba. A Kano ta wancan lokaci karatun ɗa namiji daban, na 'ya mace daban, ko da kuwa ciki ɗaya suka fito. An cire ta daga makarantar firamare, aka ɗaura mata aure tana wajen shekara goma sha uku da wani mutum da ya girme ta nesa ba kusa ba. Auren bai cika shekara biyu ba ya mutu, ta dawo gida bazawara a shekarun da sa'o'inta na wasu gidajen suke ɗaukar akwati zuwa makarantar kwana.

Abin da ya biyo baya shi ne ginshiƙin tarihinta, kuma ita da kanta ta sha ba da labarinsa. Ta nemi a bar ta ta riƙa zuwa koyon ɗinki da saƙa, sana'ar da babu uban da zai ce ba ta dace da 'ya mace ba. A ƙarƙashin wannan inuwa ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta ƙarasa koyon karatu da rubutu da Hausa, mahaifiyarta tana rufa mata asiri. Shi ya sa da aka tambaye ta daga baya dalilin da ya sa take rubutu da Hausa ba da Turanci ba, ta danganta abin da yankewar karatunta. A ganina wannan rashi ya zame wa adabin Hausa riba mai yawa, ko da yake ba zan yi wa kowace yarinya fatan ta biya irin wannan farashi ba. Da ta bi hanyar jami'a, mai yiwuwa da Turanci za ta yi rubutu, 'yan boko su karanta su yaba, matan da take magana a kansu kuwa ba za su taɓa jin labarin ba.

Kafin zuwanta ƙagaggen labarin Hausa ya yi fiye da shekara hamsin a duniya. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A wannan zubi ne kuma aka sami Jiki Magayi na John Tafida da East, labarin saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. Ashe ke nan maganar so da auren dole ba baƙuwa ba ce a rubutun Hausa, sai dai a Jiki Magayi zafin zuciyar namiji da ramuwarsa ake bi, ita yarinyar ba a tsaya an ji ta bakinta sosai ba. Duk marubutan maza ne, kuma haka aka ci gaba har ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kamfanin NNPC na Zariya ya sake shirya gasa, Hafsat Abdulwaheed ta shiga da So Aljannar Duniya, aka buga shi a 1980. Ita ce ta fara buɗe ƙofar, Talatu Wada Ahmed ta biyo da Rabin Raina, sannan Balaraba ta shigo.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka share wa waɗannan mata fage. A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu, cikinsu har da 'yan mata masu yawa waɗanda za su yi aji shida a aurar da su da iya karatun Hausa a kansu. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, magidanta da matan aure suka shiga azuzuwan yamma. Sai kuma a 1986 tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye hannu daga duk abin da ba littafin makaranta ba. Ga dubban masu karatu sun ƙosa, ga babu mai buga musu abin karantawa. Sai marubuta suka ɗauki nauyin kansu.

Yadda ake aikin a wancan zamani ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya tsara kamannin littattafan. Marubuci zai cika littafin rubutu na 'yan makaranta da biro, ya kai wa mai tafireta, daga baya mai kwamfuta, ya tara kuɗin takarda da na maɗaba'a daga aljihunsa ko ya ranto, a buga 'yan dubbai, ya ɗauka ya kai wa dillalan littattafai a kasuwa, sau da yawa bashi, sai an sayar a biya shi. Saboda jari ƙarami ne, labari ɗaya sai a raba shi kashi biyu ko uku, kuɗin na ɗaya su buga na biyu. Wannan ya koya wa marubutan yanke labari a daidai inda ran mai karatu zai tashi. Littafi ɗaya kuma yakan zaga gida goma, ana aro, ana haya, wadda ta iya karatu tana karanta wa kishiyarta ko uwar mijinta bayan an sauke tukunyar dare. Gidajen rediyo ma sun riƙa karanta wasu a iska. A cikin wannan yanayi aka kafa ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba suke cikin jagororinta. Sukan buga jerin sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin kowane littafi, kowa yana tallata ɗan'uwansa. Shi ma Ado, mai In Da So Da Ƙauna, ta ajin yamma na manya ya sami karatun boko. Wannan adabi ne na mutanen da makaranta ta tsallake, suka bi ta da gudu suka kamo.

Idan ana maganar abin da ya yi wa marubutan soyayya tasiri, finafinan Indiya ake fara ambata, kuma da gaskiya a ciki. Tun shekarun 1960 gidajen siliman Kano suke nuna su, daga baya talabijin da kaset ɗin bidiyo suka kai su har ɗakunan matan kulle. Bahaushe ya ga kansa a cikinsu: uba mai iko, 'ya mai kunya, talaka mai son 'yar mai kuɗi, aure da dangi ke ƙullawa. Masanin nan Brian Larkin ya yi rubutu a kan wannan alaƙa a 1997. Akwai kuma 'yan makarantar kwana da suka sha karanta littattafan Mills & Boon da na Pacesetters. Amma idan aka zo kan Balaraba, ni ban ga Indiya sosai ba. Babu masoyan da ke musayar dogayen wasiƙu cike da kirari, babu saurayin da zai faɗa rijiya don an hana shi budurwa. Abin da nake ji a rubutunta shi ne muryar tsakar gida: hirar mata a gidan biki da gidan suna, habaici tsakanin kishiyoyi, ƙarar da ake kai wa yaya ko kawu, shawarar da gwaggo take ba wa 'yar ɗan'uwanta a ƙuryar ɗaki. Ko sunayen littattafanta daga bakin mutane ta ɗauko su, karin magana ne ko tambayar da ake jefa wa mace don a karya mata gwiwa.

Budurwar Zuciya ya ɗauki namijin da idonsa ba ya ƙoshi, mai auri-saki, wanda tsufa bai hana shi hangen 'yan mata ba. Tun daga nan ta nuna inda ta dosa. Amma 1990 ce shekararta, domin a cikinta ta fitar da littattafai biyun da sunanta ya tsaya a kansu har yau.

Wa Zai Auri Jahila? shi ne mafi kusa da rayuwarta. Abu yarinya ce 'yar ƙauye mai son karatu, mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Ɗan'uwanta da aka yi musu alkawarin aure tun suna yara ya je birni ya yi boko, ya dawo ya ce shi ba zai zauna da wadda ba ta yi karatu ba. Uban, don ya wanke kunyar da aka ba shi, sai ya ba da ita ga Sarkin Noma, dattijo mai mata da 'ya'ya. Dubi yadda ta ɗaure zaren: namiji ɗaya ya hana ta ilimi, namiji na biyu ya ƙi ta don ba ta da shi, na uku ya same ta a arha saboda abin da biyun farko suka yi. Ba ta ɓoye abin da ke faruwa da ƙaramar yarinya a daren farko a ɗakin irin wannan miji ba, kuma wannan na cikin abin da ya tayar wa mutane da hankali. Abu ta gudu Kano wajen gwaggonta Hajiya Kumatu, ta shiga karatun manya, ta bi shi daki-daki har ta zama ma'aikaciyar jinya, waɗanda suka raina ta suka dawo suna buƙatarta.

Abin da ya ba wa littafin ƙarfi shi ne ƙasar da ta tsaya a kai ta yi faɗan. Ba ta ɗauko hujja daga Turai ba. Daga cikin addini ta yi magana, ta raba tsakanin abin da Musulunci ya ce da abin da al'ada da son zuciya suka lulluɓa masa: neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji, kuma yardar yarinya a aure ba abin wasa ba ce. Novian Whitsitt, wani manazarci daga Amurka, ya yi dogon nazari a kan wannan fuska ta rubutunta da na Bilkisu Ahmed Funtuwa. Mu kuwa a nan mun san wannan magana tana da asali a gida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna koyar da almajirai a waje, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, malamai mata da ake kira jaji suna zaga ƙauyuka suna karantar da mata. Balaraba ba malama ba ce, ba ta kuma yi da'awar malanta ba, amma ƙorafinta jikan wancan ne.

Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, a wajena, shi ne gwanintarta. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai rufin asiri, ta haifa masa 'ya'ya tara. Abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai wa ko'ina, ita ke cikawa da 'yan dabarunta, shi kuwa yana kashe kuɗi a waje. Ya auro Delu, macen da ta daɗe tana zaman kanta, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Daga nan labarin ya zama na yadda mace take tsayawa da ƙafarta: neman wurin zama, sayar da abinci, kuɗin makarantar yara, taimakon 'yan'uwa. Akwai soyayya a ciki, ta 'yarta Saudatu da Alhaji Abubakar, kuma an rubuta ta da daɗi, da kunya da kyaututtuka da kai-komon dangi. Amma an ajiye ta ne gefe da gefe da rushewar auren uwar, har mai karatu ya kasa kallon amarcin 'yar ba tare da ya tuna cewa ita ma Rabi an taɓa kai ta ɗaki da guɗa ba.

A wannan littafi ne salon aikinta ya fi fitowa fili. Tana lissafi. Nawa aka bayar, me aka saya, wa ya ci, wa ya kwana da yunwa, kayan ɗaki na wa, lefe me da me aka zuba. Wani zai ga kamar ƙananan abubuwa ne, amma duk matar da ta taɓa riƙe gida ta san a nan zalunci yake ɓuya, a nan kuma ƙauna take bayyana. Ba ta yawan tsayawa dogon bayanin zuciyar mutum, sai ta bar shi ya yi magana, bakinsa ya tona shi. Zance ne ke tuƙa labarin, fage bayan fage, kamar an shirya shi don a ji da kunne, kuma hakan ya dace da littafin da za a karanta wa mutane a tsakar gida. Mugayenta ba aljanu ba ne, mutane ne da kowa ya san irinsu a unguwa.

Ƙarshen littafin ya daɗe yana damun masu karatu, ni ma yana damuna. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta juya masa baya, alhaki ya kama mai shi. Sai kuma manya da dangi suka taru a kan Rabi, wadda ta riga ta gina rayuwarta da guminta, suka matsa mata ta koma gidansa. Ta koma. Wasu sun ga kamar marubuciyar ta ja da baya ne a nan. Ni ban ga haka ba. Ta san garin da take rubutu a cikinsa, ta san cewa mace mai 'ya'ya tara, mai suruki, mai 'yan'uwa maza, ba ita kaɗai take yanke wa kanta hukunci ba. Da ta bar Rabi ta yi tafiyarta cikin nasara, da ta faranta mana rai ta kuma yi mana ƙarya. Ta bar mu da ɗacin, kuma ɗacin ne yake sa a rufe littafin a ci gaba da gardama.

Ba a bar ta ta sha ruwan sanyi ba. An soke ta a wa'azi, an aiko mata da wasiƙun barazana, an ce tana zuga mata su bijire wa iyaye da mazaje. Wane Kare Ne Ba Bare Ba?, wanda ya taɓo lalatar da manya masu mutunci a idon jama'a suke yi a ɓoye, ya ƙara jawo mata surutu. Ta ɗaya gefen kuma 'yan jami'a suna nasu. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu gaba ɗaya sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onica, yana ganin abu ne mai wucewa. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan, aka yi shekaru ana fafatawa a jaridu, musamman a shafin adabi da Ibrahim Sheme yake kula da shi a New Nigerian. Masu sukar suna da abin faɗa, domin da yawa daga littattafan an buga su cikin gaggawa, ba edita, ƙa'idar rubutu a karye, labari ɗaya ana ta juya shi. Kuskuren shi ne da aka zuba kowa a buhu ɗaya, har aka daɗe ba a ga cewa a cikin tarin akwai marubuciya irin Balaraba ba.

Da harkar fim ɗin bidiyo ta kankama a Kano bayan Turmin Danya na 1990, marubuta da yawa suka karkata can, ita ma ta shiga. Abdulkareem Muhammad ya mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998, ita kuma ta ci gaba da rubuta labarin fim da shiryawa, har zuwa Juyin Sarauta, fim ɗin tarihi na sarauta da rayuwar fada wanda ya ci kyaututtuka. Tsakanin nan an shiga wani mawuyacin hali: a 2007, zamanin gwamnatin Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta, daga baya kuma Hukumar Tace Finafinai ta jiha a ƙarƙashin Abubakar Rabo ta nemi marubuta su yi rajista a riƙa duba rubutunsu kafin ya fita. Marubuta mata suka ƙara haɗa kai, Balaraba tana cikin manyan da suka jagoranci ƙungiyar Kallabi. Ta kuma yi aiki da Gidauniyar Murtala Muhammad a ɓangaren kwantar da hankalin waɗanda bala'i ya rutsa da su, aikin da bai yi nisa da abin da ta shafe shekaru tana yi da alƙalami ba, wato sauraron wanda aka cuta.

A 2012 wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft da ke birnin Chennai na Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, aikin Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero. Ana lissafa shi a matsayin cikakken ƙagaggen labari na farko da wata mace ta rubuta da Hausa aka fassara shi zuwa Turanci. Daga nan aka fara karanta Rabi da Delu a jami'o'in ƙasashen waje, 'yan jarida suka riƙa zuwa Kano neman marubuciyar.

A gida kuwa kasuwar da ta raine ta ta sauya. Shagunan littattafai sun ragu ƙwarai, 'yan matan da suke rubutu yanzu a waya suke yi, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna biya ta banki, wasu kuma suna gwada sa'arsu a gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Yawancin abin da suke taɓawa, auren dole, kishi, saki, mijin da ba ya ciyarwa, yarinyar da ke son komawa makaranta, hanyar da Balaraba da 'yan zamaninta suka sha duka a kanta ce. Amma da wuya matashiyar da ke rubutu a yau ta sami kwafin Wa Zai Auri Jahila? ta saya. An buga waɗannan littattafai a takarda mai arha, sun zaga hannuwa har sun yayyage, waɗanda suka tsira da yawansu suna ɗakunan karatu na jami'o'i ne ko akwatunan wasu 'yan tsirarun masu tarawa. Ya kamata tun marubuciyar tana raye a zauna da ita, a tattara littattafanta tun daga Budurwar Zuciya har zuwa Matar Uba Jaraba, a gyara kurakuran maɗaba'a, a sake buga su da kyau a kuma sa su a waya inda masu karatun yanzu suke.